Mallaka: abin na wane ne, kuma wa ke juya shi?

Idan aka ce Alhaji ya mallaki gidan nan, aka ce matarsa ta mallake shi, sannan aka ce an yi mana mulkin mallaka, kalma ɗaya ce ta fito sau uku, amma kowane fitowa da abin da take ɗauke da shi. A ta farko haƙƙi ake nufi, irin wanda shari'a ko doka ta yarda da shi. A ta biyu babu haƙƙi ko kaɗan, iko ne tsagwaronsa. A ta uku kuwa iko ne da ya shigo da bindiga, daga baya ya zauna ya rubuta wa kansa takardar haƙƙi. Mafi yawan rigimar fili da gado da jingina da ke cika kotuna, idan aka bi sawunta, za a tarar ta taso ne daga cakuɗa abu biyun nan: wanda abu yake nasa, da wanda abu yake hannunsa.

Kalmar daga Larabci ta zo, daga saiwa mai baƙaƙe uku, mim da lam da kaf. Daga wannan saiwa aka samu mulki, da sunaye irin su Maliki da Abdulmalik, da mamluki, wato bawa. Tun a can ma'ana biyun suke tare. Wanda ya yi karatun allo da ƙira'ar Warshu yana karanta "maliki yaumid dini" a Fatiha da gajeren wasali, ma'ana Sarkin ranar sakamako. Mai karatu da Hafsu kuwa yana jan wasalin, "maaliki", ma'ana Mamallakin ranar. Duka biyun ingantattu ne, kuma malaman tafsiri sun yi bayanin cewa a tsakanin mutane sarki yana zartar da hukunci a kan abin da ba nasa ba, mai dukiya kuma yana iya zama ba shi da sarautar komai, amma ga Allah abu biyun sun haɗu. A Larabcin akwai bambanci tsakanin malaka, ya zama mai abu, da mallaka mai ruɓin lam, ya sanya wani ya zama mai abu. Hausa ta ɗauki mai ruɓin, sannan ta raba ayyukan da kayan aikinta na gida, wato wasalin ƙarshe da karin sauti.

Yadda ƙarshen kalmar ke sauya zance

Siffa ta asali tana da fuska uku. Idan suna ya biyo baya, sai a ce ya mallaki gona. Idan wakilin suna ne, sai a ce ya mallake ta. Idan ba abin da ya biyo, sai a ce gonar da ya mallaka. Haka tambaya take yi: ya tambayi malam, ya tambaye shi, wanda ya tambaya. Duk wannan mallakar haƙƙi ce, ba zargi a cikinta.

Akwai kuma wata mallake daban, wadda ba ta sauya ƙarshenta ko suna ya biyo baya: ya mallake gonar gado, ta mallake mijinta, sun mallake kasuwar. Wannan siffar ita ce ta ƙarewa da cinyewa, irin ta saye da kwashe da shanye, kuma da wuya a yi amfani da ita ba tare da ƙorafi a ciki ba. Ya mallaki gonar, an ba da labari ke nan. Ya mallake gonar, an kai ƙara ke nan. Matsalar tana fitowa a rubutu idan wakilin suna ya biyo, domin "ya mallake ta" rubutu ɗaya ne ga siffofin biyu. A baki kunne yana rarrabewa: ta haƙƙi muryar tana farawa ƙasa, ƙasa, sannan ta hau sama, ta danniya kuwa sama, ƙasa, sama. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, don haka mai rubuta shaida ko rahoton kotu gara ya maimaita sunan abin, ya ce ya mallaki gonar, da ya bar mai karatu yana kintace.

Sai siffar miƙawa: ya mallaka wa ɗansa gida, ya mallaka mata. Nan abin ya bar hannun mai yi ya koma ga wani. Mallakar da ita ma fitarwa ce, amma hankalinta yana kan rabuwa da abin: ya mallakar da filin tun bara. Daga nan sai sunaye: mamallaki, mamallakiya, mamallaka, mallakakke ga wanda aka fi ƙarfinsa, mallaki ga abin da aka mallaka, kamar a ce motar mallakinsa ce. A kafafen labarai ana jin kamfani mallakar gwamnati da kamfani mallakin gwamnati, duka sun karɓu. Sai dai a lura da wani abu: a mallakar gwamnati, gwamnati ce mai abu, amma a mallakar fili, fili ne abin, a mallakar miji ma mijin ne abin. Ginin jimlar ɗaya ne, sanin duniya kawai ke gaya wa mai sauraro wa ya mallaki wa.

Masu nahawu sun ari kalmar suka yi mata wani aikin. Gajeruwar mallaka ita ce ɗafin da ke manne da suna, kamar gidana, rigarka, gonarsu. Doguwar mallaka kuma ita ce nawa, taka, nasu. Amma ba duk abin da nahawu ya kira mallaka ne dukiya ba. Garinmu, sarkinmu, ciwona, maƙiyinsa, babu wanda aka saya a cikinsu. Haka kalmar mai take: mai gida yana iya zama ɗan haya, mai unguwa bai mallaki unguwa ba, mai gadi bai mallaki komai a gidan ba. Shi ya sa idan magana ta kai ga takarda, ba a wadatuwa da gidansa ko mai gidan, sai an kawo mallaka ƙarara.

Ganga, amfani da riƙo

Malaman fiƙihu sun fasa mallaka gida-gida, kuma wannan rabon shi ne ya fi taimakawa wajen warware rigima. Akwai mallakar gangar abu, wato shi kansa filin ko ginin ko dabbar. Akwai mallakar amfaninsa. Akwai kuma riƙo, wato kasancewarsa a hannun mutum. Idan ganga da amfani suka haɗu a wuri ɗaya, ita ce cikakkiyar mallaka: mutum ya sayar, ya kyautar, ya jinginar, ya bar wa magada. Idan suka rabu, kowa yana da tauyayyiya.

Haya ita ce misali mafi sauƙi. Mai gida yana da ganga, ɗan haya yana da amfani har wa'adi ya cika, kuma a cikin wa'adin nan mai gidan ba shi da damar shigowa ya zauna don kawai gidansa ne. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya ƙara tsaga amfanin gida biyu. Akwai wanda ya mallaki amfanin kansa, har yana iya ba wani haya ko aro, kamar ɗan hayar da ba a gindaya masa sharaɗi ba. Akwai kuma wanda aka ba shi izinin mora da kansa kawai, kamar ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar wakafi, ko mai zama a sahun masallaci. Na biyun ba shi da abin sayarwa. A nan ne ma'aikacin da aka ba gidan hukuma, ko wanda aka ba rumfa a kasuwa da sharaɗin shi zai zauna, yake zamewa idan ya karɓi kuɗi ya miƙa wa wani: ya sayar da abin da bai taɓa shiga mallakarsa ba, mai sayen kuma ya sayi iska.

Wakafi ya fi kowane misali nuna yadda abin ke tarwatsewa. A mazhabar Malikiyya gangar tana nan da sunan wanda ya yi wakafin, amma ba shi da ikon sayarwa ko kyautarwa. Amfanin na waɗanda aka ambata ne, marayu ko ɗalibai ko matafiya. Gudanarwa kuma tana hannun mai kula, wanda bai mallaki ganga ba, bai mallaki amfani ba. Mutum uku, abu ɗaya. Maraya ma haka ne: dukiyar tasa ce ɗungurungum, amma wasiyyinsa ke juya ta, har sai ya balaga an ga shiriya a tare da shi, kamar yadda aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarta. Wasiyyin da ya shekara goma yana saye da sayarwa da kuɗin maraya bai mallaki ko sisin kwabo a ciki ba.

Inda ƙafa ke zamewa

Ciniki ingantacce yana mayar da mallaka da zarar an ƙulla shi, ko da kayan bai bar shagon ba. Amma abin da ake aunawa ko ƙirgawa yana nan a wuyan mai sayarwa har sai an auna, don haka idan hatsi ya ƙone kafin awo, asarar tasa ce. Abinci kuma wanda aka saya da awo ba a sayar da shi ga wani sai an karɓe shi a hannu. Wani ciniki da ke yawan rikita mutane shi ne na abin hawa da ake bayarwa a riƙa biya mako-mako. Idan yarjejeniyar haya ce wadda za ta koma saye bayan biya na ƙarshe, to har ranar nan abin na mai bayarwa ne, direba amfani kawai ya mallaka. Idan kuwa sayarwa ce a kan bashi, abin ya zama na direba tun ranar farko, kuɗi ne kawai ake binsa. Bambancin yana bayyana ne ranar da aka kasa biya ko aka yi haɗari, kuma yawancin takardun da ake rubutawa ba sa faɗin wanne ne a ciki.

Kyauta ta fi ciniki tarko. A Malikiyya furuci yana ɗaure mai bayarwa, amma kyautar ba ta cika sai an karɓe ta, abin da ake kira hauzi. Idan mai kyautar ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa kafin a karɓa, kyautar ta rushe. Ga yadda abin ke faruwa: uba ya ce ya ba ɗiyarsa gida, kowa a dangi ya ji, amma shi ne a ciki, shi ke karɓar kuɗin hayar shagunan ƙofar gida, har ya rasu. Ranar rabon gado gidan zai koma cikin tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, ɗiyar ta samu rabonta kawai. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa kyauta idan ya kafa shaidu, amma ban da gidan da yake zaune a ciki. Wannan sai ya fita ya bar shi. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba ta zartuwa ga magaji sai sauran magada sun yarda. Uba yana da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa, sai dai idan ɗan ya yi aure ko ya ci bashi saboda ita, ko abin ya sauya.

Gado yana shiga mallakar magada da mutuwar mai shi, bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya. Amma mallakar tarayya ce har sai an raba. A ɗauka mutum ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku. Matar tana da tumuni, kashi 1 cikin 8. Sauran kashi 7 na 'ya'ya ne: kowane namiji 2, kowace mace 1. Wannan kason yana cikin kowane taku na gidan, ba wanda zai nuna ɗakin gabas ya ce nasa ne. Babban wa da ya ci gaba da zama a gidan, yana gyara rufi, yana biyan kuɗin wuta, kashi 2 cikin 8 ya mallaka, sauran riƙo ne. Idan ya sayar da gidan duka, cinikin bai hau kan rabon sauran ba sai sun amince. Idan kuwa rabonsa kawai ya sayar wa bare, abokan tarayyarsa suna da shuf'a, wato su biya daidai kuɗin da baren ya biya su karɓe. Wanda yana nan, ya sani, ya yi shiru har kimanin shekara, haƙƙin ya faɗi. Maƙwabci ba shi da shuf'a a Malikiyya, sai abokin tarayya a abin da ba a raba ba.

Jingina kuwa riƙo ne tsantsa. Wanda aka jinginar wa gona bai mallaki gangarta ba, kuma a asali amfanin ma na mai gonar ne. Sharaɗin da ake yawan rubutawa, cewa idan ba a biya ba ranar kaza gona ta zama ta mai bin bashi, ɓatacce ne. Abin da ake yi shi ne a sayar, a biya bashin, a mayar wa mai ita ragowar. Al'adar da mai ba da rance yake nome gonar shekara da shekaru har a biya shi, malamai suna ganinta rance ne da ya jawo riba. Ban da wannan ma, ita ce ke haifar da shari'ar jikoki: waɗanda suka ƙulla sun rasu, shaidu sun rasu, 'ya'yan mai riƙo sun tashi sun ga ubansu yana noma wurin, ba wanda zai gamsar da su cewa ba tasu ba ce.

A irin wannan shari'a ne ake jawo ɗaya ma'anar hauzi, wato daɗewar riƙo. Ƙa'idar ita ce, wanda ya riƙe fili shekara 10 yana gini ko rushewa ko shuka kamar mai shi, mai da'awar kuma yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, ana kai shi shekara 40, saboda 'yan'uwa suna yi wa juna kawaici. Amma akwai togaciya mai nauyi da mutane ke mantawa: idan an tabbatar cewa aro ne ko haya ko jingina ko amana ta shigar da mutum wurin, ko ya shekara nawa riƙonsa ba ya zama mallaka. Kayan aro ba ya rufe katara.

Takardar shaidar mallakar fili

Sunan da muke kiran takardar nan da shi ya fi abin da ke cikinta girma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta ɗora dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga 'yan Najeriya. Abin da mutum yake samu haƙƙin zama da amfani ne, galibi na shekara 99, tare da biyan harajin ƙasa duk shekara. Gwamna ke bayar da shi a birane; ƙaramar hukuma tana bayar da na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya haura sai da yardar gwamna. Ga Arewa wannan ba sabon abu ba ne. Dokar Turawa ta 1910 ta riga ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, dokar Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba a kan haka, ta 1978 ta shimfiɗa tsarin ga ƙasar baki ɗaya, tsarin mulkin 1999 kuma ya ba ta kariya ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki.

Abu uku ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, sayarwa ko jinginarwa ga banki tana buƙatar izinin gwamna, cinikin da aka yi ba tare da shi ba kuma dokar ta ce ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Na biyu, gwamna yana iya soke haƙƙin saboda buƙatar jama'a, kamar hanya ko asibiti, kuma diyyar da ake biya ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe a wurin, ba ta ƙasar kanta ba. Wannan ne dalilin da mai fili fetal yake tashi kusan hannu rabbana, maƙwabcinsa mai gini ya samu wani abu. Na uku, ma'adinai da man da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko a tsakar gidan wa aka same su.

Saboda haka mai sayen fili mai takarda ba ya tsayawa a karɓar takardar daga hannun dillali. Zai je ma'aikatar ƙasa a duba rajista, a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar, ko an soke. Zai kai safiyo ya gwada lambobin duwatsun kan iyaka da taswirar da ke jikin takardar, domin takarda ta gaskiya a kan filin da ba nata ba tsohuwar damfara ce. Idan filin gado ne, zai nemi takardar rabon gado da sa hannun duk magada. Sannan a rubuta takardar miƙa haƙƙi, a nemi izinin gwamna, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. Wanda ya tsallake matakan ƙarshen nan, sunan tsohon mai shi ne zai ci gaba da zama a rajista, kuma ba abin da zai hana mara tsoron Allah ya sake sayarwa. A Jamhuriyar Nijar tsarin ya bambanta: dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta ba ta kariya daidai da rubutacciya, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da ke rubuta shaidar ciniki da kyauta da aro da jingina tun daga matakin ƙauye.

A kamfani rabuwar haƙƙi da iko lissafi ce. Mai hannun jari bai mallaki motocin kamfani ko gininsa ba, kamfanin ne ya mallake su a matsayinsa na mutum a idon doka. Shi hannun jarin ya mallaka. Mai kashi 51 cikin 100 yana zaɓen daraktoci, don haka shi ke juya kamfanin duka. Idan kamfanin nan kuma yana da kashi 51 na wani kamfanin, mutumin yana juya na biyun alhali rabonsa na haƙiƙa a ciki kashi 26 ne kawai. A ɗaya gefen, manyan shawarwari irin su sauya kundin kamfani suna buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u, saboda haka mai kashi 26 ba ya iya zartarwa, amma yana iya hanawa.

Haƙƙin mallaka na marubuta da mawaƙa shi ma ganga ce da amfani. Wanda ya sayi littafi ya mallaki takarda da tawada, yana iya sayar da kwafinsa ko ya kyautar, amma ba ya iya bugawa ko mayar da shi fim. A dokar Najeriya haƙƙin rubutu da waƙa yana tsayawa tsawon rayuwar mai shi da ƙarin shekara 70. Wurin da ake cutuwa shi ne tsakanin mallakawa da ba da izini. Wanda ya sa hannu cewa ya mallaka wa ɗan kasuwa waƙarsa, ya rabu da ita, ko shi sai ya nemi izini. Wanda ya ba da izinin bugawa na shekara kaza a yanki kaza, abinsa yana dawo masa. Doka ta ce mallakawa sai a rubuce.

Idan abin mallakar mutum ne

Ya mallaki hankalinsa yabo ne, ana nufin ya kai munzalin da za a damƙa masa al'amarinsa. Ya kasa mallakar kansa, ko bakinsa, ko fushinsa, nan iko kawai ake nufi, ba wanda ke tunanin saye da sayarwa. A babin saki ma akwai tamliki, inda miji ke cewa ya mallaka wa matarsa al'amarinta, wato ya miƙa mata ikon sakin kanta. Aure kansa ba ya mallaka wa miji matar ko dukiyarta. Sadaki nata ne, ba na uba ba, ba na miji ba, kuma ko an rabu kafin tarewa rabinsa nata ne, kamar yadda aya ta 237 a Suratul Baƙara ta faɗa.

Mallakar miji kuwa ta zama suna mai zaman kansa: an yi masa mallaka, wato an yi masa asiri har ba ya ƙetare maganar matarsa, ya zama mijin-ta-ce. Masu tallar kayan mata sun ɗauki kalmar sun wanke ta, suna sayar da ita a matsayin sirrin zaman aure. A bakin dangin miji kuwa har yanzu tuhuma ce, kuma tuhuma mai arha, domin ba ta buƙatar shaida. Namiji ya yi shawara da matarsa, ko ya rage hidimar da yake yi wa dangi saboda nauyi ya ƙaru, sai a ce an shanye shi. Amfanin kalmar a nan shi ne ta ɗauke laifin daga kan ɗan gida ta ɗora wa bare.

Ma'anar da ta fi kowace nauyi ita ce ta bauta, lokacin da mutum yake shiga lissafin dukiya, a saye shi, a gaje shi. Ko a can ganga da amfani sun rabu: a tsarin murgu bawa yana biyan ubangijinsa wani abu a kai a kai don a bar shi ya yi sana'ar kansa, wasu har su tara kuɗin fansar kai. Sanarwar Lugga, gwamnan Turawan mulki na Arewa, ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, ba bawa ba, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Shi Luggan ne kuma ya tsaya a Sakkwato a Maris 1903 ya ce duk abin da sarakuna suka samu da yaƙi, har da iko a kan ƙasa da haraji, ya koma hannun Ingila da yaƙi. Wanda ya fara haɗa mulki da mallaka ya kira wannan zamani da su ya san abin da yake faɗa, domin mulki kaɗai bai isa ba, kowane sarki yana mulki; ƙarin da aka yi shi ne mai mulkin ya ɗauki ƙasar da abin da ke cikinta a matsayin kayansa. Daga nan kalmar ta miƙe zuwa sabon salon mulkin mallaka, da ake faɗa idan ƙasa tana da tuta da shugabanta amma bashi ko kuɗin waje ke yanke mata shawara.

Ga mai rubuta yarjejeniya tsakanin mutum biyu, ko da a takardar makaranta ce a gaban mai unguwa, kalmar "na ba shi" ita ce mafi haɗari, domin tana ɗaukar kyauta da aro da haya da jingina da amana duka. A rubuta aikin da sunansa: na sayar, na kyautar, na ara, na jinginar. Idan mallakawa ce, a rubuta ranar da aka karɓa da waɗanda suka ga karɓar, ba waɗanda suka ji furucin kawai ba. Idan ba mallakawa ba ce, a rubuta wa'adi, da wanda zai ci amfanin a tsakani, da wanda gyara da haraji ke kansa, da abin da za a yi idan ɗayansu ya rasu kafin wa'adin. Kowane ɓangare ya riƙe kwafi, kuma a sa matasa cikin shaidu.